Jean Dausset (1916–2009): Likitan da Ya Gano Tambarin Jikin Ɗan Adam

1.0 Gabatarwa

Duk wanda ya taɓa raka mara lafiya asibiti aka ce ana bukatar ƙarin jini, ya san cewa abin da ake fara bincikawa shi ne rukunin jinin. Wannan ilmi ya samu ne tun shekarar 1901, lokacin da wani likita ɗan ƙasar Ostiriya mai suna Karl Landsteiner ya gano cewa jinin mutane ya kasu rukuni-rukuni, kuma ba kowane jini ne ke zama lafiya da ɗan'uwansa ba. To amma akwai cututtukan da ƙarin jini ba ya kawar da su, saboda inda ake ƙera jinin ne ya lalace, wato ɓargo. Sankarar jini na cikin irin waɗannan cututtuka, haka ma amosanin jini wanda aka fi sani da sikila. Mai irin wannan larura yakan kai matsayin da babu abin da zai cece shi sai a kawar da ɓargonsa a dasa masa na wani.

A nan ne matsala take. Jikin ɗan Adam ba ya karɓar baƙo da ka. Ɓargon wa jiki zai karɓa, na wa kuma zai ƙi? Idan ba a sami wanda ya dace a cikin dangi ba, ta yaya za a nemo shi a cikin miliyoyin mutanen da ba a sani ba? Mutumin da ya buɗe ƙofar amsa waɗannan tambayoyi shi ne Jean Dausset, wani likita Bafaranshe, wanda ake furta sunansa kamar Jan Dose. Wannan babi zai bi tarihin rayuwarsa da aikinsa, da kuma darussan da malami zai iya tsinta daga ciki.

2.0 Haihuwarsa da Karatunsa

An haifi Jean Dausset ranar 19 ga Oktoba, 1916, a birnin Toulouse da ke kudancin Faransa, ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Ɗaya. Mahaifinsa, Henri Dausset, likita ne da ya ƙware a kan cututtukan gaɓoɓi da gashin ƙashi. Jean ya yi ƙuruciyarsa a garin Biarritz da ke bakin teku, kusa da iyakar Faransa da Sifen. Yana ɗan shekara 11 iyayensa suka koma Faris, inda ya yi karatun sakandare a makarantar Michelet, ya fita da shaidar kammalawa a fannin lissafi. Daga nan sai ya gaji mahaifinsa, ya shiga karatun likitanci a Jami'ar Faris.

Bai kammala ba sai Yaƙin Duniya na Biyu ya ɓarke a shekarar 1939, aka ɗebe shi aikin soja tare da sa'o'insa. Bayan Jamus ta mamaye Faransa a 1940, ya sami hanya ya tsallaka zuwa Arewacin Afirka, inda ya yi aikin ƙarin jini ga sojojin da suka ji rauni a yaƙin Tunisiya. A fagen fama ne ya fara ganin yadda jinin wani ke tayar da wanda ya kusa cikawa, ya kuma ga yadda wani lokaci jikin majinyaci ke bore ga jinin da aka ƙara masa. Da aka 'yantar da Faris a 1944, sai aka ɗora masa nauyin tattara jini a yankin birnin, yana aiki daga asibitin Saint-Antoine. Ya karɓi digirinsa na likita a 1945.

Bayan yaƙi ya ci gaba da aiki a cibiyar ƙarin jini ta ƙasa. Shi da abokin aikinsa Marcel Bessis sun yi fice wajen musanyar jini, wato a riƙa zuƙe jinin mara lafiya kaɗan-kaɗan ana maye shi da sabo. Da wannan dabara suka ceto jarirai da manyan da ƙodarsu ta gaza. A 1948 ya tafi Amurka ƙaro ilmi a asibitin yara na birnin Boston, sannan ya dawo gida ya duƙufa a kan binciken jini.

3.0 Abin da Ya Gani a 1952

A wancan zamani hankalin masana ya fi karkata ga jajayen ƙwayoyin jini, domin a jikinsu ne ake samun alamomin da ke bambanta rukunin A da B da AB da O. Dausset kuwa sai ya juya ga fararen ƙwayoyi, waɗanda su ne dakarun garkuwar jiki. Yana kula da wasu majinyata da fararen ƙwayoyinsu suka yi ƙaranci, yana son ya san dalili.

A shekarar 1952 ya ɗebi ruwan jinin wani daga cikin majinyatan, wanda aka sha yi wa ƙarin jini, ya haɗa shi da fararen ƙwayoyin wani mutum daban. Nan take sai ya ga ƙwayoyin sun cure wuri ɗaya, sun yi gudaji. Da farko ya zaci jikin majinyacin ne ke yaƙar kansa, abin da ya sa fararen ƙwayoyinsa ke ƙarewa. Da ya ci gaba da gwaji sai ya lura da abubuwa biyu. Na farko, ruwan jinin ba ya taɓa ƙwayoyin mai shi, sai na wasu mutane. Na biyu, ana samun wannan hali ne a wurin waɗanda aka yi wa ƙarin jini sau da yawa. Saboda haka sai ya ajiye zatonsa na farko, ya karɓi abin da gwaji ya nuna masa: fararen ƙwayoyin kowane mutum suna ɗauke da wani tambari, kuma jikin da aka sha zuba wa jinin wasu yakan ƙera makaman yaƙar tambarin da ba nasa ba.

Shekara shida ya yi yana bin diddigin wannan al'amari da taimakon masu ba da jini na sa kai. A 1958 ya wallafa bayanin tambari na farko da ya iya warewa, ya sa masa suna MAC, daga haruffan farko na sunayen mutum uku cikin waɗanda suka ba shi jini. Shi ne tambarin da daga baya aka sa wa suna HLA-A2. Ya kuma gwada tagwaye masu kama ɗaya, ya ga cewa ƙwayoyinsu suna amsa gwaji iri ɗaya, wanda hakan ya tabbatar masa da cewa tambarin gadonsa ake yi. A ƙarshen wannan rubutu nasa ya yi hasashen cewa nan gaba sanin waɗannan tambura zai yi matuƙar amfani wajen dashen sassan jiki, musamman dashen ɓargo. Ya faɗi haka shekara goma kafin a fara cin nasarar dashen ɓargo tsakanin 'yan'uwa bisa gwajin tambari.

4.0 Mene ne Wannan Tambari?

Don sauƙaƙa fahimta, sai mu tuna da tsagar gado da Hausawa ke yi a fuska a da. Da ganin tsagar mutum akan san gidan da ya fito, a bambanta ɗan gida da baƙo. Haka kusan kowace ƙwayar jikin mutum take ɗauke da nata zane. Dakarun garkuwar jiki suna zagayawa suna duba wannan zane. In sun ga na gida sai su wuce, in sun ga baƙo sai su far masa. Masana sun yi wa tsarin laƙabi da haruffan HLA, waɗanda taƙaitawa ce ta sunansa na Ingilishi mai nufin alamomin fararen ƙwayoyin jinin ɗan Adam.

Ƙwayoyin gadon da ke samar da tambarin suna jere ne kusa da juna a kan kuromosom na 6. Saboda kusancinsu, ɗa yakan gaje su a dunƙule: ƙunshi ɗaya daga uba, ɗaya daga uwa. Tun da uba yana da ƙunshi biyu, uwa ma tana da biyu, haɗuwa iri huɗu ce kawai za ta iya fitowa a tsakanin 'ya'yansu. Wannan ya sa yiwuwar shaƙiƙai biyu su dace da juna gaba ɗaya ta zama ɗaya cikin huɗu. 'Yan uba da 'yan ɗaki ɗaya waɗanda ba ubansu ɗaya ba kuwa, galibi rabin dacewa ne iyakar abin da za a samu a tsakaninsu, kamar yadda yake tsakanin ɗa da mahaifinsa.

A wajen dangi kuwa abin ya fi wuya, domin kowane ɗaya daga cikin waɗannan ƙwayoyin gado yana da nau'o'i dubbai a tsakanin 'yan Adam. Bugu da ƙari, dashen ɓargo ya fi dashen ƙoda bukatar dacewa. Dalili shi ne, a ɓargo ake ƙera dakarun garkuwar kansu. Idan tambari ya saɓa, jiki na iya ƙin ɓargon, sannan shi ma sabon ɓargon na iya ɗaukar jikin majinyacin a matsayin baƙo, ya kai hari ga fatarsa da hantarsa da hanjinsa, har ta kai ga rasa rai. Wani abin mamaki kuma shi ne, ba dole ne rukunin jinin mai bayarwa da na mai karɓa ya zama ɗaya ba. Bayan dashe ya kama, majinyacin yakan koma rukunin jinin wanda ya ba shi ɓargo.

5.0 Aikin Gayya

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Tun kafin Dausset, wani masani ɗan Ingila, Peter Gorer, da wani Ba'amurke, George Snell, sun gano irin wannan tsari a jikin ɓeraye. A 1958 kuma Jon van Rood na ƙasar Holan da Rose Payne ta Amurka, kowa a ɗakin gwajinsa, suka gano cewa matan da suka sha haihuwa suna ɗauke da makaman yaƙar tambarin da 'ya'yansu suka gada daga uba. Wannan ya samar da ruwan jinin gwaji mai yawa ba tare da an jira majinyata ba. A 1964 Paul Terasaki ya ƙirƙiro hanyar yin gwajin da ɗan ɗigon ruwan jini kawai.

Sai dai kowane ɗakin gwaji yana da nasa sunaye da nasa hanyoyi, har ta kai ba a gane ko abu ɗaya ake magana a kai. Maganin wannan ruɗani shi ne jerin tarurrukan aiki da masanan suka shirya, inda kowa zai zo da ruwan jininsa a gwada a kan ƙwayoyin mutane ɗaya, a kwatanta sakamako a gaban kowa. An yi na farko a Jami'ar Duke ta Amurka a 1964, na biyu a Leiden ta Holan a 1965, na uku a Turin ta Italiya a 1967. A 1965 ne Dausset da abokan aikinsa Pavol da Dagmar Ivanyi suka nuna cewa tamburan da ake ta ganowa ɗaiɗai duk 'yan tsari ɗaya ne. A 1968 aka daidaita suna guda wanda kowa zai yi amfani da shi. Ɗalibin harshe zai ga darasi a nan: ilmi ba ya ci gaba sai masu shi sun yi ittifaƙi a kan kalmomin da suke amfani da su.

Tun daga 1963 Dausset ya koma asibitin Saint-Louis da ke Faris, inda ya shugabanci sashen nazarin garkuwar jiki kusa da shahararren likitan jini Jean Bernard. A can ne shi da wani likitan fiɗa daga Amurka, Felix Rapaport, suka yi gwajin da ya tabbatar da hasashensa. Sukan yanki 'yar ƙaramar fata daga hannun wani su dasa a hannun wani, a tsakanin masu sa kai, su ƙidaya kwanakin da za ta yi kafin jiki ya ƙi ta. Sakamakon ya nuna cewa gwargwadon dacewar tambari, gwargwadon daɗewar fatar. Waɗannan masu sa kai lafiyarsu ƙalau, babu abin da za su samu sai tabo, kuma Dausset bai daina ambaton alherinsu ba har ƙarshen rayuwarsa.

6.0 Daga Ɗakin Gwaji Zuwa Kundin Masu Bayarwa

A 1968 Robert Good ya yi nasarar dasa wa wani jariri ɓargon 'yar'uwarsa a jihar Minnesota ta Amurka, bayan an tabbatar tambarinsu ya dace. A Seattle kuma E. Donnall Thomas da jama'arsa suka mayar da dashen ɓargo magani ga masu sankarar jini. To amma kusan kashi 70 cikin 100 na masu bukata ba su da ɗan'uwan da ya dace da su. Ina za su nufa?

Amsar ita ce a tara sunayen masu niyyar bayarwa da yawa, a gwada tambarin kowa a adana, domin in bukata ta taso a duba kundi. A 1973 aka yi nasarar dasa wa wani yaro ɓargon wata mata da ba su haɗa dangi ba a wani asibitin yara na Landan. Labarin ya kai kunnen wata malamar makaranta mai suna Shirley Nolan, wadda ɗanta Anthony ke fama da wata cutar gado ta garkuwar jiki. A 1974 ta kafa kundin masu ba da ɓargo na farko a duniya a Landan. Ba a sami wanda ya dace da ɗanta ba har ya rasu a 1979, amma kundin da ke ɗauke da sunansa ya ceci dubban mutane.

Dausset bai tsaya a ɗakin gwaji ya zuba ido ba. A 1969 ya kafa ƙungiyar France-Transplant domin a riƙa kai ƙoda ga majinyacin da ta fi dacewa da shi ko da yana wani gari. A 1986 kuma shi da Jean Bernard suka kafa kundin masu ba da ɓargo na Faransa. A 1988 van Rood ya fara haɗa kundayen ƙasashe daban-daban wuri ɗaya a Leiden, ta yadda likita zai iya neman mai bayarwa a duk faɗin duniya. Ya zuwa shekarar 2023 sunayen da ke cikin waɗannan kundaye sun haura miliyan 40.

Hanyar gwajin ma ta sauya. An bar dogaro da ruwan jini, an koma karanta ƙwayoyin gado kai tsaye, har ma ɗan goga auduga a cikin kumatu ya isa a san tambarin mutum. Likitoci sukan duba wurare huɗu ko biyar, kowanne da nau'i biyu, su nemi dacewa 8 cikin 8 ko 10 cikin 10. In an sami wanda ya dace, akan ɗebi ɓargon daga ƙashin ƙugunsa bayan an sa shi barci, ko kuma a yi masa allurai na 'yan kwanaki, sannan a tace ƙwayoyin da ake bukata daga jininsa da na'ura. Jikinsa yakan mayar da abin da aka ɗiba cikin 'yan makonni. Ya kamata malami ya kiyaye bambanci tsakanin ɓargo da laka, domin rikita su na sa mutane tsoro. Laka jijiya ce da ke cikin ƙashin baya, kuma ba a taɓa ta a wannan aiki.

7.0 Sauran Ayyukansa da Rasuwarsa

Dausset ya ba da gudummawa a fannin ilmi ma. Tsakanin 1955 da 1958 ya yi aiki da Farfesa Robert Debré wajen tsara gyaran da ya haɗa asibitocin Faransa da jami'o'i, ta yadda likita zai haɗa jinya da koyarwa da bincike a wuri ɗaya. A 1972 ya jagoranci taron aiki na biyar a garin Evian, inda aka kwatanta tamburan al'ummomi da dama na duniya. Binciken ya nuna cewa al'ummomi suna tarayya a tambura masu yawa, sai dai wani nau'i ya fi yawa a nan, wani ya fi yawa a can. Daga wannan ya riƙa jan hankalin mutane cewa kowane mutum ɗaya ne tilo a halittarsa, kuma bambancin da ke tsakanin mutane kariya ce ga jinsin ɗan Adam, domin cutar da ta fi ƙarfin garkuwar wani ba lalle ta fi ƙarfin ta wani ba.

A 1977 aka ba shi kujerar farfesa a Collège de France. A 1980 ya sami kyautar Nobel a fannin likitanci tare da George Snell da Baruj Benacerraf. A 1984 shi da Daniel Cohen suka kafa wata cibiya a Faris wadda ta tattara samfurin ƙwayoyin gado na manyan iyalai 40, ta riƙa raba wa masana na ƙasashe daban-daban, abin da ya taimaka wajen zana taswirar ƙwayoyin gadon ɗan Adam. Shi mutum ne mai sha'awar zane-zane tun yana matashi. Ya auri Rose Mayoral, suka haifi 'ya'ya biyu. Ya rasu ranar 6 ga Yuni, 2009, a tsibirin Mayorka na ƙasar Sifen, yana da shekara 92.

8.0 Kammalawa

Wannan tarihi ya shafe mu kai tsaye. Nijeriya ce ƙasar da ta fi kowace yawan jariran da ake haifa da amosanin jini, kuma dashen ɓargo na iya warkar da wannan cuta. An yi irin wannan dashe na farko a ƙasar a asibitin koyarwa na Jami'ar Benin a 2011, aka kuma buɗe kundin masu bayarwa a Inugu a 2012. Sai dai tun da tambari gadonsa ake yi, mutum ya fi samun wanda ya dace da shi a cikin waɗanda suka haɗa asali. 'Yan Afirka sun fi kowa yawan nau'o'in tambari, alhali su ne ke da ƙarancin sunaye a kundayen duniya. Saboda haka baƙar fata mai neman ɓargo ya fi Bature shan wahalar samu. Gaskiya ne likitoci sun ƙware a yanzu wajen yin dashe da rabin dacewa, daga uwa ko uba ko ɗan'uwa, amma wannan bai kawar da bukatar masu sa kai ba.

Malami na iya tsintar abubuwa uku daga rayuwar Dausset. Na farko, ya ga abin da ya saɓa wa zatonsa, sai ya bi shaida ya bar zato. Na biyu, ya yarda ya ajiye sakamakonsa a gaban abokan hamayyarsa domin a gwada. Na uku, ya san cewa ilminsa ba zai ceci kowa ba sai an sami mutanen da za su miƙa hannu ga wanda ba su taɓa gani ba. Irin waɗannan mutane a aji ake fara tarbiyyarsu, kuma malamin da ya iya yi wa ɗalibansa bayanin ɓargo da gado da garkuwar jiki cikin Hausa mai sauƙi ya taimaka wajen samar da su.

Tambayoyin Bita

1. Bayyana abin da Dausset ya gani a 1952, da dalilin da ya sa ya sauya zatonsa na farko.
2. Me ya sa yiwuwar dacewar shaƙiƙai biyu ta zama ɗaya cikin huɗu? Zana jadawali don nuna amsarka.
3. Kawo dalilin da ya sa dashen ɓargo ya fi dashen ƙoda bukatar dacewar tambari.
4. Wace rawa daidaita kalmomi ta taka wajen ci gaban wannan bincike?
5. Tsara ɗan gajeren darasi ga 'yan ƙaramar sakandare da zai bambanta ɓargo da laka.